Warin fetur a tsohuwar mota: Yadda ake gano yoyo a gyara kafin Kunkuru ta kama da wuta

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar mota ya san warin nan. Da an rufe ƙofa sai fetur ya doki hancin mutum, in ya yi magana direba ya ce ai haka tsofaffin motoci suke, a sauke gilashi kawai. To ba haka suke ba. Motar da ke da lafiya, ko da ta shekara hamsin, man da ke cikinta yana nan a tanki da bututu, ba ya fitowa shan iska. Wari alama ce ta cewa akwai inda yake zurarewa, kuma a irin motar da za mu yi magana a kanta yau, tsakanin wari da gobara babu nisa.

Motar ita ce Volkswagen Beetle, wadda aka fi sani a wajenmu da Kunkuru saboda doron bayanta. Yarbawa ma Ijapa suke ce mata, kunkurun dai ke nan. Injiniya Ferdinand Porsche ne ya jagoranci zana ta a Jamus cikin shekarun 1930, amma ba a fara ƙera ta da yawa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a garin Wolfsburg. A 1972 ta zarce Ford Model T a yawan waɗanda aka ƙera, ta ƙarshe kuma ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21. Mu ma muna da rabonmu a tarihinta, domin daga 1975 an riƙa haɗa ta a Legas, a shekarar da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna. Ku tambayi kakanninku. Malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati na wancan zamani, in ya sami rancen mota, sau da yawa tsakanin Kunkuru da Fijo 504 yake zaɓe.

Yau ta zama abin kallo. A Turai da Amurka masu sha'awar tsofaffin motoci suna kashe kuɗi masu yawa su gyara ta, a nan kuwa akan gan ta a kusurwar gareji ko ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar gida, jifa-jifa kuma a kan titi. Masu ita a ko'ina suna da fargaba guda, wato wuta a injin. Mun zaɓe ta ne saboda haka, kuma saboda hanyar man da ke cikinta gajeriya ce, ɗalibin sakandare zai iya bin ta da ido tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya fahimci ta Kunkuru ya fahimci ta Fijo 504, ya kuma fahimci ta babur da janareton gidansu.

Hanyar da fetur ke bi

Kunkuru ta sha bamban da motocin da kuka saba gani. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Tankin mai kuwa yana gaba, ƙarƙashin murfin da a wasu motoci inji ke ciki, yana ɗaukar kimanin lita 40. A ƙasan tankin akwai mafita mai ɗauke da 'yar rariya. Daga nan guntun tiyo na roba ke karɓar man ya miƙa shi ga bututun ƙarfe, wanda ya bi ta cikin doron nan da ke tsakiyar mota tsakanin kujeru biyu, ya ɓullo a baya kusa da akwatin giya. Wani guntun tiyo ya sake karɓa, ya haɗa shi da ɗan bututun ƙarfe da ya ratsa kwanon da ke kewaye da injin. Daga nan sai famfon mai, wanda injin da kansa ke motsa shi, sai tiyo na ƙarshe ya hau zuwa kafireta, inda ake cakuɗa fetur da iska kafin su shiga injin su ƙone.

Me ya sa ba a yi bututun ƙarfe ɗaya tun daga tanki har kafireta an huta ba? Saboda inji yana girgiza, jikin mota ma yana tasa girgizar daban. Ƙarfen da aka ɗaure tsakanin abu biyu masu girgiza daban-daban zai tsage, kamar yadda waya ke karyewa in aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Robar ce ke shanye girgizar. Sai dai roba tana tsufa. Zafi yana busar da ita, iska tana tsattsaga bayanta, fetur kuma yana cin ta daga ciki. Shi ya sa mafi yawan yoyo a waɗannan guntayen tiyo da mahaɗarsu yake faruwa.

Kafin mu je ga gyara, bari mu ɗan koma ajin kimiyya, don a nan ne mutane da yawa ke yi wa fetur mummunar fahimta. Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Kuma ba ya jiran rana ta yi zafi kafin ya fitar da tururin: ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da wanda ya isa ya kama. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya malala kamar ruwa, ya taru a rami, a kwata, a ƙarƙashin mota. In ya kai kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Ku yi lissafin da kanku. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙafe tana ba da fiye da lita 150 na tururi, wannan kuwa ya isa ya mayar da lita 10,000 na iska abin fashewa. Ɗaki mai tsawon mita uku, faɗin mita uku, tsayin mita uku, lita 27,000 yake ɗauka. Ke nan lita ɗaya tak ta ci fiye da sulusin ɗakin. Abin da ya faru a garin Majiya na Jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiban man da ya malale, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150, wannan tururin ne da ido ba ya gani.

Akwai kuma asarar aljihu. A ƙaddara ɗigo ɗaya ne ke faɗuwa duk daƙiƙa, kuma ɗigo 30 ne ke cika mililita ɗaya. A yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400, wato kusan lita uku ke nan ta bi ƙasa. Ku ninka da farashin lita a gidan man unguwarku, sannan ku ninka da kwana talatin.

Wurare uku da Kunkuru ke cin amanar mai ita

Ku buɗe murfin baya ku dubi injin. Famfon mai yana zaune a kan injin, distiributa tana daf da shi ta hagu. Distiributa ita ce ke raba wutar lantarki ga fulogogi huɗu, kuma muddin injin na aiki tartsatsi yana tashi a cikinta ba ƙaƙƙautawa. Koyil, mai ɗaga ƙarfin wutar zuwa dubban bolt, yana nan sama kaɗan. A ƙasa kuma ga bututan salansa da zafinsu ke kai ɗaruruwan digiri. Tiyon da ya tashi daga famfo zuwa kafireta ta tsakiyar waɗannan yake bi. Kamar an rataye jarkar fetur ne a saman murhu aka ce ta yi haƙuri.

Wuri na farko, kuma wanda ya fi cin motoci, wani ɗan bututun tagulla ne da ke jikin kafireta, wanda tiyo ke hawa kansa. Ba a yi masa zaren sukuru ba, matsa shi kawai aka yi cikin rami. Jikin kafireta wani ƙarfe ne daban, kuma kun karanta a fizis cewa kowane ƙarfe da yadda yake buɗewa in ya ji zafi. Yau zafi, gobe sanyi, ga girgiza, shekara arba'in ana haka, sai matsin ya saki. Ranar da ɗan bututun ya zare, yana fita ne tare da tiyon da ke kansa. Abin takaicin shi ne injin ba ya mutuwa nan take, domin akwai sauran mai a ɗan kofin da ke cikin kafireta. Injin na juyawa, famfo na aiki, tiyon kuma na feshin fetur a kan distiributa. Direba yana gaba, wutar tana baya. Sau da yawa sai masu tafiya a bayansa ne ke fara ganin hayaƙi su yi ta masa oda.

Wuri na biyu ya haɗu da na farko, shi ne filta. Akwai wata ƙaramar filta ta roba mai haske, ana ganin takardar tacewa a cikinta, ana sayar da ita da arha a kowace kasuwar kayan mota, daga Ƙofar Ruwa ta Kano har Panteka ta Kaduna. Tana da amfani, domin tsohon tanki ba ya rasa tsatsa da laka, man da aka saya a galan wurin 'yan bumburutu kuma ba a san abin da ya kwaso ba. Matsalar inda ake sa ta ne. Wurin da ya fi sauƙin kai hannu shi ne tsakanin famfo da kafireta, sai a yanke tiyo a nan a cusa ta. Ga ta cike da mai, tana lilo, nauyinta yana jan ɗan bututun tagullar nan duk lokacin da mota ta faɗa rami. Ga zafin inji yana gasa robarta har ta yi rauni a wurin da aka liƙe rabi da rabi. An kuma ƙara mahaɗa biyu a inda da babu ko ɗaya. A ganinmu wannan ne kuskure mafi yawa da ake yi wa motar, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Na uku a ɓoye yake. A inda bututun ƙarfe ya ratsa kwanon da ke kewaye da injin, an sa wani zoben roba don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Zoben yakan ruɓe ya faɗi, ko a manta da shi bayan an sauke inji an mayar. Daga ranar bakin kwanon ya zama zarto, yana cin bututun kaɗan-kaɗan, har ya huda shi, a saman salansa mai zafi.

Lokacin da muka je horon sanin makamar aiki a wani gareji a hutun bara, an jawo wata Kunkuru da ta shekara shida a ajiye, jikan mai ita yana son ya tayar da ita. Duk ukun nan mun same su a jikinta. Zoben babu shi, filta tana rataye a gefen distiributa, ɗan bututun tagulla kuwa da ogan garejin ya kama shi da yatsu biyu ya murɗa, sai ga shi a tafin hannunsa. Tiyon da ke ƙarƙashin tanki irin mai rigar zare ne, a ido lafiyarsa ƙalau. Da aka lanƙwasa shi sai ya karye kamar busasshen kara. Wannan rigar zaren tana kare roba daga gogayya, amma tana ɓoye tsaga, in yoyo ya fara kuma sai ta jiƙe kamar lagwanin fitila.

Neman yoyo

Hanci ne kayan aiki na farko, sai ido. A ajiye motar a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, janareto, mai walda da mai shan taba. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe wurin da tabo ya fito zai nuna gaba ne ko baya. Fetur yana ƙafewa da wuri, don haka wani lokaci ba za a ga jiƙa ba, sai dai a ga wuri guda ya yi fes a tsakiyar ƙura da maiƙo, kamar an wanke shi. Wannan ma shaida ce. In ba a gane ba, a goge mahaɗar da ake zargi ta bushe, a barbaɗa mata hoda ko garin alli, a tayar da injin na minti ɗaya a kashe. Inda hodar ta yi duhu, nan ne. Da tocila ake haskawa. Ashana ko kyandir kuwa ko a mafarki.

Akwai yoyon da ba ya fitowa waje. A cikin famfo akwai wata fata ta roba da ke hawa da sauka tana tura mai. In ta yage, fetur sai ya gangara cikin injin ya haɗu da baƙin mai. A zaro sandar awon baƙin mai a duba: in ya ƙaru alhali ba a ƙara ba, ya tsinke, yana kuma warin fetur, to famfon ya mutu. Sai an canza shi an kuma zubar da baƙin man, in ba haka ba injin ne zai biya, don tsinkakken mai ba ya hana ƙarafa cin juna.

Gyaran kansa

Ƙannenmu, a nan za mu ja layi. Abin da ke tafe don ku fahimta ne, ku kuma iya tsayawa kusa da babba ko bakanike ku san abin da yake yi. Ba aikin da yaro zai yi shi kaɗai ba ne. Kuma bayanin na motoci masu kafireta ne, waɗanda famfonsu ke tura mai da ƙarfi kaɗan. A motocin zamani famfon lantarki ne a cikin tanki, ƙarfin turawarsa ya ninka na Kunkuru fiye da sau goma, kuma man yana nan a matse ko an kashe mota. Wanda ya zare tiyo a can ba tare da sani ba, a ido zai sha shi.

Da sanyin inji ake aiki. Abu na farko shi ne cire kan batir, wanda a Kunkuru yake ƙarƙashin kujerar baya. A fara da wayar da ke da alamar ɗebewa. Dalili kuwa shi ne wannan wayar a jikin mota aka ɗaure ta, jikin motar gaba ɗaya ɓangare ne na da'irar lantarki. In aka fara da mai alamar tarawa, sifana ta kuskure ta taɓa jikin mota, da'ira ta rufe, tartsatsi ya tashi. In aka fara da ta ɗebewa, ko sifanar ta taɓa jiki babu abin da zai faru. Tunda an ɗaga kujerar, a duba ko murfin batir na nan, don ƙarafan kujera suna iya sauka a kan kawunansa in mai nauyi ya zauna, wannan ma wata hanyar gobara ce da aka san motar da ita.

Tankin ya fi bututun tsayi, saboda haka da an zare tiyo a ƙasa mai zai yi ta zuba har sai tanki ya ƙare. Ko dai a juye man a jarkar da aka yi don fetur a rufe a kai nesa, ko a matse tiyon da ke ƙarƙashin tanki kafin a taɓa na baya. Ba a zuƙar fetur da baki. Mun san ana yi a tasha da bakin titi kullum, amma ɗigo kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana ƙona shi daga ciki. Wanda ya haɗiye kuma kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke kai man huhu. Asibiti za a nufa. In aikin ya kai ga shiga ƙarƙashin mota, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe an kuma sa wa tayoyi waigi.

Tsohon tiyo yakan manne. Maimakon a yi ta ja har a lanƙwasa bututu, a tsaga bakinsa da wuƙa a tsaye a ɓare shi. Kuma in ɗaya ya mutu, duka ake canzawa, don sa'o'in juna ne.

Wurin sayen sabo ne ake yawan faɗawa rami. Ba kowane baƙin tiyo ne na fetur ba. Na ruwa da na iska suna kumbura su yi laushi in fetur ya zauna a cikinsu. Farin nan mai haske, da wanda ake cirowa daga ledar ƙarin ruwa ta asibiti ana sa wa babur, fetur yana tsotse sinadarin da ke sa su laushi, cikin ɗan lokaci su ƙage su saki baki. Tiyon fetur na gaskiya yana da rubutu a jikinsa. A nemi mai ɗauke da SAE J30 R7, ko mafi kyau R9, wanda aka yi wa cikinsa shimfiɗar da ke jure fetur mai gaurayen sinadarin etanol. Wannan batu ya dami masu tsofaffin motoci a Birtaniya tun da aka mayar da fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100 ya zama na yau da kullum a Satumbar 2021, domin robar da aka yi a shekarun 1960 da 1970 ba don shi aka yi ta ba. Mu ma mun ɗanɗana makamancinsa a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, masu motoci suka yi ta kuka, layi ya dawo gidajen mai.

Sai faɗin rami. Na asalin Kunkuru milimita 5.5 ne. Wanda ya fi yawa a kasuwa rubu'in inci ne, wato milimita 6.35. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya sa tiyo ya zauna sako-sako, sai a yi ta ɗaure kilif don a cike giɓin, kilif ɗin ya tattare robar ya bar 'yar hanya. A yanki guntun tsohon a tafi da shi kasuwa, ya fi dogon bayani. Kilif kuma a nemi mai santsin ciki. Wanda aka huda wa ramuka a jiki yana yanka roba in tiyo siriri ne. Ana sa shi a bayan ɗan tudun da ke bakin bututu, a ɗaure har tiyo ya daina juyawa da hannu, a tsaya nan. Waya, igiya da tsinken robar taya ba kilif ba ne.

Filta kuwa a fitar da ita daga ɗakin inji gaba ɗaya. Wurinta ƙarƙashin tanki ne ko kusa da akwatin giya, kafin famfo, a ɗaure ta kada ta yi lilo, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. A can tana kare famfon ma daga datti, ba kafireta kaɗai ba. Akwai kibiya a jikinta, ta kalli inji. Mai jikin ƙarfe ta fi ƙarko, sai dai ba a ganin cikinta, don haka a rubuta ranar da aka sa ta. Daga famfo zuwa kafireta ya zama tiyo ɗaya miƙaƙƙe, babu yanka.

Ɗan bututun tagulla a gwada shi da hannu, na kafireta da na famfo duka. In ya motsa, a zare shi, a karce jikinsa ya yi kaushi, a shafa manne mai jure fetur, a buga shi a hankali ya koma. Masu ƙwarewa sukan ƙara da siririyar waya, su ɗaure kilif ɗin tiyon da wani sukuru na jikin kafireta, ta yadda ko bututun ya saki ba shi da hanyar fita. Gyaran da ya fi duka shi ne a yi wa ramin zare a ɗaura bututu mai sukuru. Zoben roba a mayar da shi wurinsa, in bututun ya riga ya ciwu a canza shi. Bututun ƙarfen da tsatsa ta huda ba a nannaɗe shi da roba, sabo ake ja. Zallar jan ƙarfe yana da sauƙin lanƙwasawa, shi ya sa ake son sa, amma girgiza tana ƙagar da shi ya tsage. Na baƙin ƙarfe ko gaurayen jan ƙarfe da nikel ya fi.

Direbobin dogon zango suna da dabarar goga sabulu a ƙaramar hudar tanki, kuma tana riƙewa, don fetur ba ya narkar da sabulu. Ruwa kuwa yana narkarwa, kududdufi ɗaya ya wanke shi. Dabara ce ta isa gari, ba ta zama da ita ba. Haka ɗora galan a cikin mota a ja tiyo zuwa kafireta, wannan kam ba mu ga uzurinsa ba. Tanki kuma ba a kai masa wutar walda don an juye man ciki. Wanda babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi da iska, daidai cakuɗar da ke fashewa.

In an gama, a goge duk inda mai ya zuba, a fitar da tsummokaran waje su bushe, a jira wari ya tafi kafin a mayar da batir, wayar tarawa da farko, ta ɗebewa daga ƙarshe. Mutum biyu ke tayar da motar: ɗaya a kan makulli, ɗaya a baya da tocila da tukunyar kashe gobara, idonsa a kan mahaɗa, yana ganin jiƙa ya ce a kashe.

Tukunyar nan, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta wajabta wa kowace mota, mai hoda ake so, kuma a ajiye ta inda hannun direba zai kai. In wuta ta tashi a hanya, a tsaya, a kashe makulli don famfo ya daina turo mai, kowa ya fita ya yi nisa. Kada a wangale murfin injin, iska za a ba wutar. A ɗan ɗaga shi a fesa ta kafar, ko ta ramukan iskar da ke jikinsa. In babu tukunya, yashi. Ruwa ba ya kashe fetur, don fetur ya fi shi rashin nauyi, sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya malala yana ci. A Kunkuru akwai ƙarin dalili: gangar injinta da gaurayen magniziyam aka yi ta, ƙarfen nan da malamin kemistiri ke ƙona ɗan zirinsa a ɗakin gwaji ya yi farin haske mai kashe ido. In wuta ta daɗe har ya kama, ruwa ƙara haukata shi yake yi. A wannan matakin an bar maganar ceton mota, a janye jama'a a kira 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa ta 112.

Sabuwar roba takan ɗan kwanta a ƙarƙashin kilif bayan ta sha zafi da sanyi, don haka bayan mako guda a sake bin mahaɗar ɗaya bayan ɗaya da sukudireba. Daga nan duk lokacin da za a canza baƙin mai a lanƙwasa kowane tiyo a duba bayansa, wanda ya nuna tsaga ko ya ƙage a cire shi. In babu Kunkuru a gidanku, janareto yana da tanki a sama, ɗan makunnin mai, guntun tiyo da kafireta, jeri ɗaya da wanda muka bi. In an kashe shi ya huce, ku nemi Baba ko Yaya ku duba tiyon tare, ku shafa ƙarƙashin kafiretar da farar takarda ku ga ko za ta jiƙe.